Babin da Na Tsallake wa Abla

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwana uku ke nan muna asibitin nan na Mansura, a nan Masar. Mace ɗaya aka yarda ta zauna da kowace mara lafiya, a gidanmu kuwa duk aikin da ba mai so, Nagwa ake miƙa wa. Na yi ritaya, ba miji, ba ɗa, wane uzuri zan kawo? Ko ba su miƙo ba ma ni zan zo. Abla Ratiba ce babbar yayarmu, ita ta raine ni, ita ke taje mini kai har na shiga sakandare.

Ranar Alhamis, da likita ya gama maganarsa ya wuce, Wanis ya tara mu a bakin matakala, ni da matarsa. Wanis ƙanena ne, da hannun nan nawa na sha share masa majina, amma yau shi ne namijin gida, sai ya goya hannu a baya yana ba da umarni. Ya ce ba abin da likita ya faɗa za mu faɗa mata ba, gyambon ciki ne. Ya ce kowa ya maimaita. Muka maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Ya ce duk wanda ya faɗa mata wani abu daban, to shi ya kashe ta, ba ciwon ba.

Sannan ya ce in ɗauke tabaraunta. Akwai allo a ƙofar sashen nan da sunan ciwon da ake jinya a ciki, da rubutu manya-manya, akwai kuma fayil da ake ratayewa a ƙafar gado. Abla ba ta ganin ko alif in ba tabarau, amma da shi har ƙananan rubutun kwalin magani take karantawa, ta kuma yi gardama da su. Na ɗauke tana barci. Yana cikin jakata, na naɗe shi a safa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, ko fensir yarinya ta ɗauka ba nata ba sai ta kwana da labarina. Ban san da wane ido zan kalli kaina ba yanzu.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ta nemi tabaraun. Na taya ta nema, har ƙarƙashin gado na leƙa.

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Abla ta ishe ni da mita. Ba talabijin, ba jarida, ba ido. Ta ce, "Nagwa, ke dai ko bango aka ba ki jinya sai ya gaji da shirunki. Yi mini magana mana." Me zan ce mata? Duk maganar da ke bakina an haramta mini ita.

Na sauka sayen gwaiba, sai na ga fuskar Hikmat Sarrag a bangon wani littafi a teburin mai jarida, riƙe da tire, ta karkace baki. Wai ta rubuta tarihin rayuwarta, ta sa masa suna "Ta Ƙofar Kicin Na Shigo". Ni dai ban taɓa ɗaukar matar nan a bakin komai ba. 'Yar wasan barkwanci, kullum ita ce 'yar aiki a fim, ta shigo, a daka mata tsawa, ta zare ido, jama'a su kwashe da dariya. Abla kuwa tana iya barin tukunya ta ƙone a kanta. Na saya. Tunda ni na ɗauke mata ido, ai sai in ara mata nawa.

Na fara karantawa da muryar da nake kiran sunayen 'yan aji. Ga yadda ta buɗe: wai a hawa na shida aka haife ta, ungozoma ta iso sama tana haki, ta ɗaga ta, ta juya ta gaba da baya, ta dubi uwar ta ce, "Kada ki damu, wataƙila ta yi hankali."

Abla ta yi dariya har ta dafe ciki. Na ga yadda fuskarta ta canza, sai na tsaya. Ta ce, "Wa ya ce ki tsaya? Cikin nawa ne, ci gaba." Na ci gaba har aka kawo magani.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gado takwas ne a ɗakin, yanzu duk takwas ɗin sauraro suke. Na kusa da mu na Umm Girgis ne, wata tsohuwa Kirista daga wajen Bilkas, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Ita ce ta fara cewa, "Malama, ɗaga murya, mu ma Allah ya ba mu kunne."

Yau babin uwarta muka yi. Uwar ta ji kunyar a ce 'yarta tana wasa a dandamali, sai ta gaya wa 'yan layinsu wai aikin nas take yi, shi ya sa take dawowa a makare. Shekara shida ana haka. To, maƙwabta kuma suka fara ƙwanƙwasa ƙofa da allurarsu a hannu. Hikmat ta ce ba yadda ta iya, ta koyi allura a jikin lemo, daga lemo ta koma kan mai gidan hayarsu, wanda dama tana jin haushinsa. Ta ce har yau ba wanda ya mutu a hannunta, kuma ba kowane ɗan wasa ne zai iya bugun ƙirji ya faɗi haka ba. Ranar da fim ɗinta na farko ya fito, duk layin suka ɗunguma silima, suka dawo suna cewa, "Ikon Allah, akwai wata mara kunya a fim ɗin, kamarta ɗaya da nas ɗinmu."

Nas ɗin da ke sa wa Abla ƙarin ruwa sai da ta ajiye abin hannunta ta jingina da bango.

Ni ma na yi dariya. Kuɓuce mini ta yi, wata irin ƙara mara daɗin ji. Abla ta juya ta ce, "Umm Girgis, ki shaida, ashe ƙanwata tana da haƙora." Daga baya na shiga banɗaki na daɗe. Kunya na ji, da haushin kaina, da na littafin ma.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, azahar

Wanis ya zo daga Dumyat da agwagwa cike da albasa, irin wadda take so. Ta shinshina, ta ce a rufe. Ya ce, "Ba komai, gobe sai ki ci." Muka ce in sha Allahu.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta sunansa, tunda ba mai faɗa. Medhat.

Ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya ba ta. Shekara goma sha ɗaya yana ƙasar Girka a jirgin kamun kifi, tun abin da ya yi da shagon kafintan babansa, ko sadakar arba'in ɗin rasuwar baban ba a yi ba. Ba zan shiga wannan ba. Ta rantse ba ita za ta fara kiransa ba, shi kuma ya aiko cewa ba zai tako gidan ba sai ta kira. Taurin kan nan na gidanmu ne, kowa ya ɗebi rabonsa. Ni yake kira duk sallah, ya ce, "Khalti," wato ƙanwar uwa, "yaya take?" In ce lafiya lau, ita kuma tana bayan ƙofa da tsintsiya, tana share wurin da ta share tun safe.

Na ce wa Wanis a gaya masa. Ya ce a'a, in yaron nan ya faɗo ɗakin bayan shekara goma sha ɗaya, ai ko jaririya ce ta gane.

Yau na ɗan taɓa ta da maganar. Na ce, "Abla, ba kya kiran yaron nan?" Ta ce, "Ina sane. Bari in warke in koma gida, in mai da jikina, kada ya gan ni haka ya ɗauka shi ya ci. Bayan azumi sai in duba."

Bayan azumi! Likita bai ce watanni ba, makonni ya ce, kuma bai ƙirga da yawa ba. Tana lissafi da kwanakin da ba ta da su, ni kuma malamar lissafi ina zaune ina gyaɗa mata kai. In ba a faɗa mata ba, ba za ta kira shi ba. In ba ta kira ba, ba zai zo ba. Tsoron da nake kwana da shi ke nan.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na fara karanta gaba ni kaɗai in tana barci, wai don in san inda zan ɗaga murya. Ƙarya nake, so nake in ji abin da ya faru.

Na zalunci matar nan shekara arba'in. Abin da na ɗauka zare ido ne kawai, ashe aiki ne mai ƙa'ida, ya fi wasu darussan da na koyar tsari. Ta ce a fim sittin da uku ta fito 'yar aiki, maganarta ba ta wuce "Ga lemo, ranka ya daɗe" ba. Sai ta zauna ta ƙirƙiro wa kowace 'yar aiki rayuwarta: wannan ƙafarta na ciwo, waccan ta tofa yawu a kofin, waccan son mai gidan take a ɓoye. Magana ɗaya, mata sittin da uku. Ta ce in ka faɗi abin dariya, ka ƙirga uku a zuci kafin ka motsa, don mutane su samu wurin zuba dariyarsu. Na gwada a ɗakin nan jiya, wallahi yana aiki.

Aikinta na farko ma ba magana a ciki. Darakta na neman wadda za ta ja numfashin nan da muke ja da ƙarfi in za mu juye soyayyar tafarnuwa a miyar lalo, don miyar ta yi kyau. Mata goma sha biyu suka ja, ya ce bai yi ba. Hikmat ta ja nata, mai riƙe da fitila ya faɗo daga kan tsani. Da na karanta musu wannan sai gardama ta kaure, kowane gado ya ce shi ya fi iyawa. Mata takwas da robar ƙarin ruwa a hannu suna ta jan numfashi bi da bi, har likita ya shigo a guje. Umm Girgis ce ta ci. Ta ce in ta warke za ta yi mana lalo da zomo, mu je har gida.

Abin da ya fi kama ni, ba ta taɓa yi wa na ƙasa da ita dariya ba. Kanta take yi wa, da manya. Kuma ba ta neman a tausaya mata. An mare ta a fim sau ɗari biyu da goma sha huɗu, ta ƙirga, ta ce har ta kai tana gane wane jarumi ne ya yi faɗa da matarsa da safe.

Litinin, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Babi na takwas, mijinta. Wani akawun tashar jirgin ƙasa ne da ya zauna a layin gaba a wasanta kwana uku a jere bai ko murmusa ba. Ta ce don haushi ta aure shi, ta yi alkawarin sai ta ga haƙorinsa. Babanta tela, yana kan keken ɗinki ya ce mata, "Wannan ba miji ba ne, kabad ne." Shekara tara ba dariya. Ranar rabuwa, malamin da ke rubuta aure da saki ya gane ta, ya roƙe ta don Allah ta ja masa numfashin lalo sau ɗaya. Ta ja. Sai ga miji ya tuntsure da dariya har da hawaye. Ta ce da ta san nan ne maganinsa, da tun ranar ɗaurin aure ta nemi saki.

Abla ta ce, "Nagwa, da ke ya aura da kun zauna lafiya, gida tsit kamar maƙabarta." Ta faɗa tana dariya. Ni na tashi na hau gyara kofunan da ba su buƙatar gyara.

Talata, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Babi na tara a kan baban ne. Ya kwanta ciwo, likita ya ja 'ya'yansa gefe, suka haɗu a bakin matakala suka shirya abin da za su ce masa.

Rabin shafi na karanta na rufe. Ban ƙarasa ba, ba kuma zan karanta mata ba.

Talata dai, bayan la'asar

Na tsallake, daga takwas na faɗa goma. Na riƙe shafukan da babban yatsa na juya su gaba ɗaya, ina tari don kada a ji.

Ban yi layi biyar ba Abla ta ce, "Tsaya. Jiya babanta na kan keke yana zagin mijinta, yau kuma tana cewa Allah ya jiƙansa. Yaushe ya mutu?"

Na ce haka littafin yake.

Ta ce, "Hikmat ba ta barin labari da rami."

Na ce wataƙila masu bugawa ne suka yi kuskure, ai kin san aikin mutanen yanzu.

Ta ce, "Uhm." Ta juya fuska wajen taga. Umm Girgis ta dube ni ta saman bargo. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, magariba

Gyambon ciki. Sau huɗu na faɗa yau: biyu ga 'yan dubiya, ɗaya a waya, ɗaya gare ta.

Asabar, 18 ga Nuwamba, azahar

An kai ta hoto. Wanis ya ja keken marasa lafiya da baya-baya har muka wuce allon ƙofa, wai tayar gaba ce ke da matsala. Mace ba tabarau, amma shi bai yarda da sa'a ba. Abla ta ce, "Wanis, wa ya ba ka lasin?"

Mu biyu muka ɗaga ta zuwa gado. Ni kaɗai ma da na iya.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da safe

Gadon Umm Girgis a gyare, an shimfiɗa sabon zani. An ja labule tun da asuba, an yi abin da ake yi a hankali. Nas ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, an sallame ta, 'ya'yanta sun tafi da ita gida. Mu masu jinya muka ce alhamdu lillahi. Marasa lafiya ma suka ce alhamdu lillahi.

Abla ta daɗe tana kallon ƙasa tana ƙanƙance ido. Ta ce, "Nagwa, mene ne wancan a ƙarƙashin gadon?" Na ce silifas ne. Ta ce, "Ta tafi gida ba takalmi?"

Na ce mantawa ta yi.

Ranar Juma'a tsohuwar ta ce mini akwai maganar da take son gaya wa 'yarta da ke aure a Asyut, amma ba ta waya ba ce, sai ta koma gida. 'Yar ba ta zo ba. An ce mata gyambo ne, ba sai ta bar yara ta taho ba.

Yau ba a yi karatu ba.

Talata, 21 ga Nuwamba, bayan azahar

Na tare Wanis a bakin matakalar nan tamu. Na ce ko ya faɗa ko in faɗa. Ya ce in rage murya. Na ce shekara talatin ina ɗaga murya a kan yara hamsin, ba yau zan koyi raɗa ba. Na ce, "Kai wane ne da za ka riƙe mata kwanakinta a aljihu?" Ya ce ba ni da tausayi, shi ya sa na tsufa ni kaɗai. Na ce to shi da ya yi aure, me ya ƙaru da shi ban da tumbi?

Sai ya zauna a kan matakala, ƙato da shi, ya rufe fuska. Ya ce, "Nagwa, wa ya koya mana? Lokacin Mama wa ya tara mu? Ba Abla ba? Ita ta ce gyambo ne, ita ta sa har Medhat yana ɗan sakandare ya maimaita. Abin da ta yi wa uwarmu nake mata, ban san wani ba. In na buɗe baki na faɗa, ya tabbata ke nan."

Gaskiyarsa, ita ta koya mana. Na zauna kusa da shi. Ban ce na fasa ba, shi ma bai ce ya yarda ba. Na ba shi gwaiba ɗaya, ya ci yana kuka.

Laraba, 22 ga Nuwamba, la'asar

Sau uku na buɗe baki. Na farko na ce ko in gyara mata matashi, na biyu na ce ko tana son ruwa. Na uku ban ce komai ba, ta ce in rufe kada ƙuda ya shiga.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, kafin magariba

Dole in rubuta wannan.

Na nemi kalmomin na rasa, sai na ce bari in ari na wadda ta fi ni iya magana. Na ɗauko littafin na ce, "Abla, na gano babin nan, ashe shafukan ne suka manne." Ta ce, "Allah sarki, suka manne."

Na karanta. Kai, matar nan! Na zaci kuka ta rubuta, ashe ko a nan ba ta fasa halinta ba. Ta ce danginta suka zama ƙungiyar wasa mafi muni da aka taɓa haɗawa a Masar. Sun ce wa tsoho mura ce ta sauka masa a ƙirji. Yayanta kullum ya shigo ɗakin yana tafi yana cewa, "Kai, Baba, yau har kumatu ka yi!" alhali tsoho ya koma kamar zaren ɗinkinsa. Gwaggonta ta shigo da jajayen idanu ta ce albasa ta yanka, kwana arba'in tana yankan albasa, ba wanda ya ga miya. Ita kuwa Hikmat, wadda ke ci da wannan sana'a, ita ta fi kowa lalacewa. Da ta buɗe ƙofa sai ta manta abin da aka shirya, ta tsaya ta ce, "Ga lemo."

Ɗakin ya ɗauki dariya, amma wata iri, kowa na kallon sama. Masu jinya suka sunkuyar da kai. Wata ta yi mini alama da ido in bari. Ban bari ba, ni ma ban san abin da ke gaba ba.

Saura masa kwana biyar tsohon ya kira ta. Ya ce, "Hikmat, shekara ashirin kina wannan aiki, ashe iyakar iyawarki ke nan? Tun ranar farko na gane. Na ga kun sha wahalar shiri ne, na ce bari in bar yaran nan su gama wasansu." Ta ce a duk gidan shi kaɗai ne ɗan wasa, kwana arba'in yana fitowa a mai mura bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Sannan ta rubuta abin da na karanta da ƙyar. Akwai abubuwan da ya so ya roƙa, a kai shi ya ga teku, a kira masa wani tsohon abokinsa, amma mai mura ba ya roƙon irin wannan, sai ya haɗiye don kada ya ɓata musu shiri. Lokacin da ya faɗa, ƙafa ta riga ta ƙi. Ta ce, "Mun ce shi muke karewa. Kanmu muke karewa, shi kuma ya taya mu."

Na ƙirga uku a zuci, don ban san abin da zan yi ba.

Abla ta share ido da gefen ɗankwali ta ce, "Kai, Hikmat, Allah ya bar ki." Sannan ta miƙo hannu, ba ta ko dube ni ba. "Ba ni tabarauna. Yana cikin jakarki, a safa. Safar ma tawa ce."

Na ba ta. Na ce, "Abla…" Ta ce, "Yi mini shiru. Ke kin fi gwaggon nan muni. Wanis kuma da tuƙin baya-baya, Allah ya shirye shi. Ni na kawo gyambon nan gidanmu, ni za a sayar wa?"

Ta sa tabarau. Na zaci fayil za ta ce in miƙo, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta kalla, ta daɗe, ta ce na rame. Sannan ta ce, "Kira mini shi."

Na ce rantsuwar fa? Ta ce, "Sai Wanis ya ciyar da mutum goma kaffara. Ga agwagwa nan yana ta jigila ba mai ci."

Ni na riƙe mata wayar a kunne, hannunta ba ya iyawa, don haka na ji komai. Ya ɗauka ya ce, "Khalti?" ga ƙarar inji a bayansa. Ta ce, "Ba ita ba ce."

Ƙarar injin ta yi nisa, da alama matsawa ya yi.

Ta ce, "Ina asibiti a Mansura. Ba wani abu ba ne, gyambon ciki ne. Na ce dai in gaya maka kada ka ji a bakin mutane. Kada ka zo, ka ji ko? Ka yi aikinka."

Saura kaɗan in fizge wayar. Duk wannan wahala, ta koma ta faɗi abin da muke faɗa? Sai na ji numfashinsa ya canza. Yana ɗan shekara goma sha shida ta tsayar da shi a ƙofar ɗakin uwarmu ta sa shi ya maimaita kalmomin nan, ya san nauyinsu sarai.

Ya ce, "To, Mama." Muryar ta koma ta yaro. "Ba zan zo ba."

Ta ce, "Yauwa."

Ko minti goma ba a yi ba saƙo ya shigo mini. Suna tsakiyar ruwa, sai Litinin za su tsaya gaɓa. A ƙasa ya rubuta: Khalti, ki riƙe mini ita.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, bayan azahar

Wanis ya shigo ya ga tabarau a fuskarta, ya ƙame a ƙofa da kwano a hannu. Ta ce, "Shigo, direba. An gano shi a ƙarƙashin gado." Ya ce alhamdu lillahi. Ta kama hannunsa ta riƙe har aka kori 'yan dubiya.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, la'asar

Barci ya fi yawa yanzu. Ko shayi ta daina sha. Ina karantawa duk da haka, sauran gadajen na jira, kuma wani lokaci ina ganin gefen bakinta ya motsa daidai wurin dariya.

Saura babi biyu. Hikmat ta tsufa, gwiwa ta ƙi, yanzu kaka ake ba ta a fim. Ta ce an ƙara mata girma daga ɗaukar tire zuwa zama a kujera ana kawo mata, amma har yau in an miƙo mata lemo sai ta leƙa cikin kofin tukuna. Ina son matar nan, na faɗa. Ba ta san da ni ba, shekara arba'in ina kashe talabijin a fuskarta, ita kuma ta zo ta yi mini aikin da na kasa. In na samu sarari zan rubuta mata wasiƙa, ko da ba za ta kai ba. Ban san me zan ce ba ban da na gode, kuma ki yafe mini.

Abla ta farka ta ce yau wace rana. Na ce Lahadi. Ta ce, "Rage saurin karatun nan, kada ya ƙare."

Litinin, 27 ga Nuwamba, azahar

Sun tsaya gaɓa. Babu jirgin sama sai gobe. Likita ya duba ta, ya ce mini in akwai wanda ake jira, ya yi sauri.

Talata, 28 ga Nuwamba, da safe

Ta sa na taje mata kai, na ɗaura mata ɗankwali mai fure. Ta ce in mintsini kumatunta su yi ja. Tun safe take tambayar ƙarfe nawa, macen da ta ce kada ya zo.

Talata, bayan la'asar

Ya iso.

Daga ƙarshen baranda na hango shi, ban gane shi ba sai da tafiya, tafiyar babansa ce sak. Furfura a gemu. Ya tsaya gaban allon ƙofa, ya daɗe yana karantawa kamar rubutun na da tsawo. Ya ce, "Khalti, me zan ce mata?" Na ce ni ma ban sani ba, wanke fuskarka tukuna. Ya wanke a famfo, ya goge da hannun riga.

Idonta a rufe muka shiga. Na ce a raina, ya Rabbi, ba yanzu ba. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Mama." Sai da ya faɗa sau uku.

Ta buɗe ido. Ta dube shi tun daga gashi har hannuwan nan nasa da gishiri ya cinye. Da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Wa ya ce ka zo? Ban ce maka gyambo ba ne?"

Ya ce, "Na sani, Mama. Hutu aka ba mu, na ce bari in biyo."

Ta ce, "Hutu." Ta ɗora hannu a kansa, yatsunta suka shige cikin gashin. "To, tunda ka zo, zauna. Kada ka yi nisa."

Ya kifa fuska a bargon, kafaɗunsa na rawa, ita kuma tana shafa kansa tana ce masa ba komai, ba komai, gyambo ne.

Na ja musu labule, na fito.